Ranar awo: sharhi a kan ƙungiyoyin rage ƙiba da tsare-tsaren cin abinci

Wata yayata da ke aikin jinya a arewacin Ingila ta taɓa kwatanta mini yadda yammacin Talatarta yake. Tana tashi daga aiki sai ta zarce wani zauren taro da ke jikin coci, irin wanda ake bayarwa haya. Mata ne suka fi yawa, talatin ko arba'in, sai ɗaiɗaikun maza. Kowa ya bi layi, ya biya kuɗin mako, ya cire takalmi, wata har da agogo da rigar sanyi, sannan ta hau sikeli. Mai kula da sikelin ba ta ɗaga murya, rubutawa take yi a ɗan littafinki ta miƙo miki. Daga nan a zauna a zagaye, shugabar taro ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wance ta sauke rabin kilo, a tafa mata. Wance ta ƙaru, a tambaye ta a hankali abin da ya same ta a makon, ita kuma ta ce bikin 'yarta aka yi, ko aikin dare ya hana ta girki. Yayata ta ce duk daren Litinin, in ta buɗe firij, fuskar matar nan mai sikeli take fara gani.

Da ta gama na ce mata, "Yaya, ai wannan adashi kuke yi." Ta yi dariya, ni kuwa da gaske nake. Babu matar da ba ta san za ta iya tara kuɗinta a asusu ita kaɗai ba. Abin da ke kai ta adashi shi ne ranar zubi ba ta ɗagawa, uwar adashi za ta aiko yaro, kuma kunyar idon jama'a ba za ta bari ta ce babu ba. A kan wannan ƙungiyoyin rage ƙiba na Birtaniya da Amurka suka ginu. Duk wanda zai auna amfaninsu, ko yake son a kwaikwaye su a nan gida, sai ya fara gane cewa hajarsu ita ce ranar awo da idon 'yan uwa. Jerin abincin da ke cikin littattafansu kuwa, kowace ma'aikaciyar lafiya ta san shi.

Tarihin abin ma haka ya nuna. A 1961, wata matar aure a unguwar Queens ta birnin New York, mai suna Jean Nidetch, ta kai kilo 97. Wata rana a kantin cefane wata da ta santa ta tambaye ta yaushe za ta haihu, alhali ba ta da ciki. Ta je wani asibitin hukumar lafiya ta birnin aka ba ta tsarin abinci kyauta. Tsarin ya yi aiki, amma ta kasa daina cin biskit a ɓoye, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. Sai ta gayyaci ƙawayenta shida masu jiki irin nata zuwa falonta, ta fasa musu sirrinta, su ma suka fasa nasu. Ta sauke sama da kilo 30, taron ya fi ƙarfin falon, a 1963 aka yi masa rajista da sunan Weight Watchers. A 1978 kamfanin abinci na Heinz ya saye shi a kan sama da dala miliyan 70. Takardar abincin ta gwamnati ce, kowa zai iya karɓa. Zaman falon ne ya zama dukiya.

A Ingila, Margaret Miles-Bramwell ta kafa Slimming World a 1969 a garin Alfreton. Nata salon shi ne a ware wasu abinci a ce ki ci har ki ƙoshi ba awo: ganye, 'ya'yan itace, nama marar kitse, ƙwai, har da taliya da dankali. Sauran, irin su mai da cakulan da biskit, a ƙidaya su da maki kaɗan a rana, makin da aka raɗa wa suna mai kama da kalmar zunubi a Turanci. Wannan suna bai taɓa kwanta mini ba, domin mai ƙiba ya riga ya ɗauki isasshen zargi a kansa. Weight Watchers kuma a 1997 ta fito da nata lissafin maki, kowane abinci da farashinsa, kowane mutum da kasonsa na yini. Duka biyun hanya ce ta rage kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, ba tare da an sa mutum lissafi mai wahala ba.

To, yana aiki? An gwada, kuma amsar ta fi ta masu talla sanyi, ta fi ta masu kushe ɗumi. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga gwajin da aka yi da mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostireliya. Rabi aka tura su Weight Watchers, rabi aka bar su da shawarar likitansu. Bayan shekara guda, 'yan ƙungiya sun sauke kimanin kilo 5, sauran kilo 2 da ɗoriya. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, ya kamata mai karatu ya san haka. Wani gwajin da aka buga a 2017, da mutum 1,267 a Ingila, ya fi ba ni haske. Waɗanda aka ba ɗan littafin shawara kawai sun sauke kilo 3 da ɗoriya a shekara. Waɗanda aka biya wa zuwa ƙungiyar na mako 12 sun sauke kusan kilo 5. Waɗanda aka biya wa mako 52 sun sauke kusan kilo 7. Da aka sake auna su a shekara ta biyu, bayan an daina biya, kilo 7 ɗin nan ya koma 4 da ɗoriya. Gwargwadon daɗewarka a zauren, gwargwadon abin da ka sauke. Ranar da ka daina zuwa, jiki ya fara karɓar bashinsa. Saboda irin wannan sakamako ne likitocin gwamnati a wasu yankunan Ingila suke tura marasa lafiya waɗannan ƙungiyoyi na mako 12 kyauta.

Kilo biyar a shekara ba shi ne hoton da ake liƙawa a talla ba, na matar da ke tsaye cikin ƙafa ɗaya ta tsohon wandonta. Irin waɗannan suna nan, amma tsiraru ne, kuma su ake zaɓowa a nuna.

Batun wane tsari ya fi wani, ba sai an daɗe a kansa ba, duk da cewa nan aka fi tada jijiyar wuya. Tun 1863 wani mai sana'ar jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana cewa barin burodi da sukari da dankali ne ya rage masa jiki. A 1972 Dakta Robert Atkins ya dawo da zancen, yau kuma ana kiran irinsa kito. Wasu suka ce a'a, mai ne abokin gaba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford suka raba mutum 609 gida biyu, masu rage mai da masu rage sitaci. Bayan shekara, masu rage mai sun sauke kilo 5 da ɗoriya, masu rage sitaci kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Tun a 2005 wani gwaji a Boston ya kwatanta tsare-tsare huɗu, ciki har da na Atkins da na Weight Watchers, ya gano cewa abin da ya raba mutane shi ne wa ya iya jurewa. Tsarin da za ka iya ci gaba da shi ranar suna da ranar Sallah da ranar da ranka ya ɓaci, shi ne naka.

Inda nake son a tsaya a yi tunani shi ne dawowar ƙibar, domin nan ne mutane suke karaya, su ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba ne gaba ɗaya. Jikin ɗan Adam bai san kwalliya ba, yunwa ya sani. Da zarar kitse ya fara raguwa, sai ya ɗauka fari aka shiga, ya fara tsimi. A 2011 likitoci a Melbourne ta Ostireliya sun sa mutum 50 a tsari mai tsanani na mako goma, sannan suka bi su. Shekara guda bayan haka, sinadarin da ke tada yunwa a jikinsu yana sama da yadda yake tun farko, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma yana ƙasa. Wato mutum ya rage jiki, amma ya fi da jin yunwa, kuma ba kwaɗayi ba ne. Akwai kuma labarin mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, The Biggest Loser. A matsakaici, sun sauke kimanin kilo 58. Bayan shekara shida, kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 a rana ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu. Kalori 500 farantin abinci ne guda. Wanda ya rage ƙiba da gaggawa yana iya zama dole ya ci ƙasa da maƙwabcinsa mai nauyi ɗaya da shi, shekara da shekaru, kafin ya tsaya inda yake.

Kamfanonin sun san da haka. A 2013 wani tsohon daraktan kuɗi na Weight Watchers ya faɗa wa BBC cewa kasuwar tana tafiya ne saboda mafi yawan mutane sai sun dawo sun sake. Wannan magana tana da ɗaci, kuma ya dace duk mai biyan kuɗin mako ya ji ta. Amma adalci ya sa a faɗi cewa manyan ƙungiyoyin biyu sun kasance suna barin wanda ya kai nauyin da ya sa a gaba ya ci gaba da zuwa kyauta muddin bai kauce ba. A ganina laifinsu ba ya cikin zauren, yana cikin tallan da ke sa mutum ya ɗauka aikin wata uku ne, alhali ƙiba irin hawan jini ce: lallaɓa ta ake yi tsawon rai.

Yanzu ma kasuwar tasu ta girgiza. Allurar semaglutide, wadda kamfanin Novo Nordisk na Denmak ke sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ta rage wa mutane kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, a gwajin da aka buga a 2021. Babu zauren taron da ya taɓa kusantar haka. Mutane suka yi ta ficewa, Oprah Winfrey da ta sayi kaso a Weight Watchers a 2015 ta bar hukumar gudanarwarsa a 2024, a watan Mayun 2025 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Sai dai allurar ma ba ta tsira daga dokar jiki ba: waɗanda suka daina ta sun dawo da kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda. Ga tsada, ga tashin zuciya, ga jabu da ta fara yawo a kasuwannin duniya. Magani ne na gaske, amma na hannun likita.

Me ya haɗa mu da wannan duka? Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. A ƙasa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Ciwon suga da hawan jini sun daina zama ciwon masu kuɗi. Zauren coci da sikeli ba su zo mana ba, amma kasuwar ta iso ta waya: zaurukan WhatsApp da ake biya a shiga, masu tallan shayin rage tumbi a Instagram da TikTok, jadawalin abinci na kwana 21 da ake turowa bayan an ga shaidar biya.

Wasu daga cikin masu wannan harka suna da ilimin abinci kuma suna tsoron Allah. Amma alƙawarin kilo goma a mako biyu ƙarya ce da lissafi yake tonawa. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kilo goma ke nan 77,000. Babban mutum yana ƙona tsakanin 2,000 da 2,500 a rana. Ko bai sa komai a bakinsa ba na kwana 14, bai kai rabin wannan adadi ba. Abin da sikeli ke nunawa a makon farko yawancinsa ruwa ne, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, in ya ƙare ruwan ya bi shi. Shayin kuwa, da yawansa ganyen filasko ne ko danginsa, mai sa gudawa. Hanji ne ya zube, kitse yana nan inda yake, mai sha kuma tana rasa ruwa da gishirin da zuciya ke buƙata. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe daban-daban da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Masu cewa ai ganye ne ba ya cutarwa, su tuna da abin da ya faru a Brussels ta Beljiyam a farkon shekarun 1990: wani asibitin rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da wani tsiro mai guba bisa kuskure, sama da mata ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka ƙare a wankin ƙoda, wasu ciwon daji ya biyo baya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa teburin da ke sayar da shayin rage ƙiba shi ne ke sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe, ƙwayoyin da ke kumbura fuska, su tada suga da hawan jini. Jikin 'ya'yanmu mata ya zama kasuwa ta fuska biyu.

Ko da tsarin na gaskiya ne, akwai abin da jadawalin Turai bai san da shi ba: tukunyarmu ɗaya ce. An rubuta shi ne don mai sayen abincinta a leda mai rubutu, ta dafa wa kanta, ta ci a farantinta. Ita kuwa matar da na sani a unguwarmu tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyu, da mudu da gwangwani take awo, kuma in ta ɗebi malmala ɗaya ta tsame hannu, uwar mijinta za ta dube ta ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko wani abu aka yi miki?" Amaryar da ba ta yi ƙiba ba, a ce miji ba ya kula da ita. Magidancin da tumbinsa ya faɗa, a fara tambayar ko kasuwa ce ta karye. Wanda ya rame da sauri, a fara raɗe-raɗin wata cuta. Baƙo kuma ba ya mayar da kwano yadda aka kawo shi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma jadawalin da ya ce a karya kumallo da abin da sai babban kanti ake samunsa da tsadar gaske ba zai kai sati uku a irin wannan gida ba.

Alhali gyaran yana cikin tukunyar. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori wajen 120 ne. A duba nawa ne ke cikin ludayin da ake kwarara wa miya, ko a kan shinkafa da wake. Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi goma, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini. A haɗa da sukarin shayin safe, da na zoɓo, da na kunu, da wanda ake zuba wa fura. Wanda ya rage waɗannan, ya mayar da malmala uku biyu, ya cike gurbin da kwaɗon zogale ko rama, da wake, da miyar ganye mai kauri, ya yi abin da littafin maki yake koyarwa ba tare da ya sayi littafin ba. Koyarwar nan ta raba ciki gida uku kuwa tun muna yara muke jin ta a makarantar allo. Ramadan ma yana nuna mana abin a kowace shekara: mutane kan sauke kilo ɗaya ko biyu, bayan Sallah da 'yan makonni ya dawo, wasu ma soye-soyen buɗa-baki ba sa barin ya sauka.

Kuma ba sai an koma jikin 'yan mata ba kafin a ci riba. A gwajin hana ciwon suga da aka buga a Amurka a 2002, mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa, waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da masu shan ƙwayar metformin. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan da ɗan kai. A Birtaniya, gwajin DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon suga nau'i na biyu da ba su daɗe da shi ba sun samu sugansu ya daidaita ba magani bayan shekara guda na rage nauyi a ƙarƙashin kulawar asibiti. Kilo biyar ɗin da mai talla ke rainawa, gwiwa ta san da shi, likita ma ya san da shi. Yayata ta sauke kilo 11 a shekarar farko, huɗu suka dawo, bakwai suka zauna, kuma an rage mata maganin hawan jini.

Akwai wata rajista a Amurka da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe. Tsare-tsaren da suka bi sun sha bamban, amma yawancinsu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, suna motsa jiki kusan awa guda a rana, galibi tafiyar ƙafa. Wannan ba ya buƙatar kamfani. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyin unguwa, da majalisun maza na bayan La'asar, da asibitocin sha-ka-tafi. Sikeli ɗaya, littafi ɗaya, ma'aikaciyar lafiya ɗaya da za ta riƙa leƙowa, da mutum goma da suka yarda ba za a yi wa kowa dariya ba, sun isa a kafa abin da Jean Nidetch ta kafa a falonta. Sharaɗin kawai shi ne kada a sa masa ranar tashi, kuma kada kowa ya shigo da kayan sayarwa.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin suga ko yin allurar insulin, kada su rage abinci sai da sanin likita, domin suga na iya faɗuwa ya kai ga suma. Sauranmu kuma, kafin ki tura wa kowa kuɗin jadawali ko na shayi, 'yar uwa, ki je asibiti mafi kusa a auna miki nauyi da hawan jini da suga, ki rubuta alƙaluman a takarda da kwanan wata, sannan ki nemi mutum biyu ko uku da za ku riƙa haɗuwa duk mako.